Hira da Mawallafa: Ina Ribarta?

Ina roƙon Malam Edita ya ba ni ɗan fili a cikin mujallarmu in faɗi ra'ayina game da wata al'ada wadda ta yi ƙarfi a zamanin nan, watau hirar da akan yi da masu wallafa littattafai a gidajen rediyo da talabijin da jaridu, har da ta cikin wayar hannu. Waɗansu mutane suna ganin wannan abu ci gaba ne, waɗansu kuwa suna cewa yabon kai ne kurum aka sake wa suna. Ni abin da na gani shi ne, hira aba ce mai kyau, har ma ta zama tilas ga mawallafin Hausa a yau. Amma fa ribarta guda ɗaya ce tak, ita ce ta kai mai sauraro ga littafin kansa. In magana ta tsaya a kunne, littafi bai zo hannu ba, to, an yi shuka a idon makwarwa.

Kafin in kawo dalilaina, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda littafi yakan sami masu karatu a ƙasar nan tun ba a san rediyo ba.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi masu yawa na wa'azi da ilmi. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya yi mata tambayoyi don jama'a su ji, amma duk da haka waƙoƙinta sun shiga ƙauyuka da rugage. Dabarar da ta yi ita ce, ta zaɓi mata dattijai masu hankali, ta naɗa kowace ta zama jaji, ta ba ta malfa alamar muƙami. Jaji takan zo da ayarin mata wurin Nana, su ɗauki karatu su hardace, sa'an nan su koma garuruwansu su koya wa na gida. Waɗannan su ne 'yan taru. Haka kuma Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda makaho ne, waƙoƙinsa na Imfiraji a bakin almajirai da makafi suka zaga ƙasar Hausa. Ku lura da kyau, a duk biyun abin da aka kai wa jama'a shi ne aikin kansa. Mutum yakan haddace baiti ashirin tun bai san ko mai waƙar dogo ne ko gajere ba.

Da ilmin boko ya zo, sai aka sake hanya. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami littattafan nan biyar da kowa ya sani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East. Mu mutanen wannan yanki muna da abin alfahari a nan, gama Imam da wansa Bello 'ya'yan Kagara ne, a cikin jiharmu ta Neja, kuma jarumin Ruwan Bagaja ma mutumin Kwantagora ne. Wani abin lura kuma ga ɗaliban kwaleji irin tamu, Imam da Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk malaman makaranta ne sa'ad da suka yi rubutun nan.

Su waɗannan ba su sha wahalar talla ba. Hukuma ce ta buga, hukuma ce ta rarraba a makarantu, malami kuwa ya tsaya gaban aji ya karanta wa yara. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Imam ne editanta na Hausa, sunansa ya shiga ko'ina tare da Magana Jari Ce. Bayan haka aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, cikin shekarun 1950 kuma hukumar NORLA ta yi ta buga littattafai domin Yaƙi da Jahilci, har aka rufe ta a 1959. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC a Zariya ya ci gaba da aikin. Muddin waɗannan suna da ƙarfi, aikin mawallafi shi ne ya rubuta, ya miƙa, ya koma gida.

To, kiɗa ya sake cikin shekarun 1980. Tattalin arzikin ƙasa ya tsuke, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja da baya ga buga labaran Hausa. Sai samari da mata, musamman a Kano, suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. A cikinsu akwai Hajiya Balaraba Ramat Yakubu mai Alhaki Kwikwiyo, da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, da waɗansu da yawa. Daga nan mawallafi ya zama shi ne mai rubutu, shi ne mai kai wa maɗaba'a, shi ne mai ɗaukar kaya zuwa wurin 'yan kasuwa, shi ne kuma mai bin bashi. Wanda ya zuba kuɗinsa haka, in ya yi shiru, kwafin da ya buga sai su zauna ƙarƙashin gado gara ta cinye. Wannan shi ne asalin abin da ya tura mawallafanmu gaban abin magana.

Saboda haka ban yarda da masu cewa hira yabon kai ce ba. Gaskiya ne an ce yabon kai jahilci, kuma mu Hausawa an rene mu da kunya, ba mu son mutum ya tsaya yana cewa ni na yi, ni na yi. Amma mai tallar fura da ta ɗaga murya a bakin kasuwa, wa ya taɓa cewa ba ta da kunya? Sana'arta take yi. Mai littafi ma haka. Ko a ƙasashen da karatu ya daɗe da zama, mawallafa sun yi wannan. Charles Dickens na Ingila, da duk sunan da ya yi, ya bi gari gari yana karanta wa mutane littattafansa a manyan zauruka, har ya haye teku zuwa Amurka a 1867, mutane suna kwana a layi don su sami tikitin shiga.

Wani zai ce, ai akwai mawallafan da ba su fitowa, kuma littattafansu suna tafiya. Haka ne. Akwai wata a Italiya mai rubutu da sunan Elena Ferrante, wadda ta ɓoye ainihin sunanta, ba ta zuwa rediyo ko talabijin, in ma za ta amsa tambaya sai a rubuce, amma an fassara littattafanta cikin harsuna da yawa. Sai dai ita tana da kamfani a bayanta mai kai littafi kowane kanti, ga kuma masu sharhi a jaridu suna yi mata magana. Mawallafin Hausa da ya ranto kuɗi ya buga kwafi dubu ba shi da wannan gata. In ya kwaikwayi shirun mai gata, shi zai kwana da yunwa.

Akwai kuma dalili na biyu wanda ya fi na ciniki nauyi. In mawallafi bai bayyana abin da yake nufi da littafinsa ba, wani zai bayyana a madadinsa, sau da yawa ma wanda bai karanta ba. Mun ga haka game da littattafan Kano. Cikin shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu a kansu, musamman a New Nigerian, inda masana irin su Ibrahim Malumfashi, wanda ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka yi ta musayar ra'ayi. Wannan muhawarar masana ce, ta yi amfani. Amma a waje, a majalisu da bakin titi, mutane da yawa sun yanke hukunci cewa littattafan duk ɓata tarbiyya suke yi, alhali ba su buɗe ko ɗaya ba. Har a 2007 aka ƙona waɗansu littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, waɗanda aka karɓe daga hannun 'yan makaranta. Ba na cewa duk littattafan nan na kirki ne, akwai na banza a ciki kamar yadda ake samun tsakuwa a cikin shinkafa. Amma akwai masu magana a kan auren dole, da sakin wulakanci, da hana 'ya mace karatu. Mai irin wannan littafi in ya sami fili ya yi bayani da bakinsa, uba zai ji, liman zai ji, hedimasta zai ji, su san abin da ke hannun 'ya'yansu.

To, tun da na yarda hira tana da kyau, mene ne kukana? Kukana shi ne yadda ake yin ta. Ni ma na ɗan taɓa abin, gama na wallafa wani ɗan littafin labarai domin 'yan firamare, kuma an kira ni hira a kansa sau uku. Daga abin da na gani da kaina, da abin da nake ji kullum a rediyo, aibu uku na lura da su.

Na farko, mai tambaya bai karanta littafin ba. A wani gidan rediyo, wanda ba sai na faɗi sunansa ba, na taso tun daga Auna da kuɗin motata, na kwana a hanya, na kuma aika musu da littafin tun mako biyu kafin ranar. Da muka zauna sai na ga littafin a kan tebur, ko bangonsa ba a lanƙwasa ba. Mai shirin ya duba bayan littafin ya karanta sunana, sa'an nan ya ce in gaya wa masu sauraro abin da ke ciki. Wannan tambaya ita ce alamar wanda bai yi karatu ba. Daga nan duk abin da na faɗa sai ya ce madalla. Da na yi ƙarya ma madalla zai ce, gama ba shi da abin da zai kama ni da shi. Irin wannan hira ba ta ƙara wa mawallafi komai, mai sauraro kuma ba a tsare masa haƙƙinsa ba, don an sa shi cinikin biri a sama.

Na biyu, tambayoyin a kan mutum suke tsayawa. A ina aka haife ka? Matanka nawa? Wane abinci ka fi so? Nawa ka samu? Wa kake so ka gaisar? Kafin a gama gaishe-gaishe lokaci ya ƙare. Ba laifi ba ne a san asalin mawallafi, amma a yi shi cikin minti biyu a wuce. Illar wannan ita ce, yaranmu suna tashi sun san fuskar mawallafi da muryarsa da irin motar da yake shiga, ba su san ko shafi ɗaya na aikinsa ba. Shi ma mawallafi, in ba a yi hankali ba, abin yakan shiga kansa. Ya ga cewa fita a rediyo ta fi zaman gyaran rubutu daɗi da sauƙi, sai ya riƙa gaggawar fitar da sabon littafi ko bai nuna ba, don dai a sake kiransa. Amsar da ya bayar a wancan gida ita zai maimaita a wannan, har ta zama kamar karatun aku.

Na uku, shi ne ya fi damuna, kuma shi ne ya fi shafar mu mutanen karkara. Murya tana zuwa inda littafi ba ya zuwa. Masunci a bakin tafkin Kainji da manomi a gonarsa a ƙasar Magama suna jin hirar da aka yi a Kaduna ko Kano ko London a lokaci guda da mutumin birni. Amma in hirar ta ƙayatar da shi ya ce bari in saya wa ɗana, ina zai dosa? A irin garuruwanmu abin da akan samu a shimfiɗar mai littattafai ranar kasuwa bai wuce littattafan addini da na makaranta kaɗan ba. Sau da yawa kuwa akan gama hira ba a faɗi kuɗin littafin ba, ba a faɗi inda ake sayar da shi ba. An ta da wa mutum yunwa, an hana shi tuwo. Dubi Alhaki Kwikwiyo. An fassara shi da Turanci an buga a ƙasar Indiya a 2012, 'yan jaridun ƙasashen waje suka yi ta rubutu a kan Hajiya Balaraba. Abin farin ciki ne ƙwarai. Amma ina so kowane ɗalibi a kwalejin nan ya tambayi kansa, shi da littafin aka rubuta da harshensa, ya taɓa riƙe shi a hannu?

Don kada a ce na faɗi aibu kaɗai, bari in faɗi hira ta ƙwarai da na gani. A hirata ta uku wata yarinya ce ta yi mini tambayoyi, sabuwar ma'aikaciya. Ta karanta littafin daga farko har ƙarshe, ta ja layi a wurare. Ta tambaye ni dalilin da ya sa a wani labari na bar yaron da ya yi sata bai sha hukunci ba, ta ce ita a ganinta wannan bai dace da littafin yara ba. Muka yi gardama mai daɗi, na kawo hujjata ta kawo tata. Sa'an nan ta ce in karanta shafi ɗaya da bakina, a ƙarshe ta faɗi kuɗin littafin da inda za a same shi, ta maimaita sau biyu. A cikin makon nan hedimastoci suka fara aiko mini da saƙo. Waccan hira ta madalla kuwa, ko kwafi ɗaya ban san ta sayar ba. Ashe wadda ta yi mini gardama ita ce ta taimake ni.

Saboda haka ga shawarata, kashi uku.

Ga masu yin tambaya: kada ku zaunar da mawallafi sai kun karanta littafinsa. In lokaci ya ƙure, ku ɗaga hirar. Ku ba shi fili ya karanta wani yanki, gama ɗanɗano shi ke sa a sayi miya. Sashen Hausa na BBC ya nuna misali mai kyau da gasar Hikayata ta mata, wadda aka fara a 2016, inda akan karanta labaran da suka yi fice a rediyo kowa ya ji. Mai sauraro ya ji aikin da kunnensa, shi zai yanke hukunci.

Ga mawallafa: ku fito ku yi magana, ba abin kunya ba ne. Amma ku tafi da littafin a gaba, ku kuna biye. In aka ja ku zuwa zancen abinci da mota, ku komo da zance kan abin da kuka rubuta cikin ladabi. Kada ku yarda a rufe shiri ba ku faɗi inda ake samun littafin ba. Kafin ku shiga rediyo ma, ku tabbata kun ajiye kwafi a hannun wani amintacce a Kwantagora da Minna da Bida da sauran manyan garuruwa, ba Kano da Kaduna kaɗai ba. Wanda kuma ya sa littafinsa a intanet, ya faɗi yadda za a same shi a fili, yadda mai ƙaramar waya zai gane.

Kashi na uku namu ne, mu malamai da masu shirin zama malamai, kuma shi ne dalilin da ya sa na kawo wannan magana a mujallar kwaleji. Tsakanin muryar da ke fita a rediyo da yaron da ke zaune a aji a Auna ko Nasko ko Salka akwai rata, ba kuwa wanda zai cike ta sai malami. Aikin da jajin Nana Asma'u ta yi, shi ne ya faɗo a kanmu yau. In ka ji an yi hira da wani mawallafi, rubuta sunan littafin. In ka shiga birni karɓar albashi ko wata hidima, nemo kwafi ɗaya. Karanta shi kai kaɗai tukuna, ka auna ko ya dace da yara. In ya dace, ka keɓe minti goma a ƙarshen darasin Hausa ka riƙa karanta musu kaɗan kaɗan, ka tsaya daidai inda labari ya yi daɗi. Za ka ga yaran da ba su son karatu suna roƙonka aron littafin. Malamai biyar in kowa ya sayi littafi biyu a shekara, aka sa a akwati guda, makaranta ta sami laburare ke nan.

Ina kuma ba Ƙungiyar Hausa ta wannan kwaleji shawara ta riƙa gayyato mawallafi ɗaya kowane zango. Amma da sharaɗi: a sayo littafinsa tun wata guda kafin ya zo, a rarraba, kuma ba mai yin tambaya sai wanda ya karanta. Ɗalibai su shirya tambayoyinsu a rubuce, malamin Hausa ya duba, a soke duk wadda za a iya yi wa kowane mutum a titi. Abin da aka tattauna a rubuta a buga a wannan mujalla. Amfanin wannan biyu ne. Mawallafi zai koma gida ya san akwai masu karanta shi da idon basira, zai ƙara kula da aikinsa. Ɗalibi kuma zai koyi yin tambaya mai ma'ana, wadda ita ce rabin aikin koyarwa. In ya fita gwajin koyarwa sai ya yi irin wannan da yaransa: su karanta labari, ɗaya ya zama mawallafi, saura su yi masa tambayoyi.

'Yan'uwa, ƙasar da ta haifi Abubakar Imam da Bello Kagara bai kamata 'ya'yanta su zama masu jin labarin littafi daga nesa ba. Su waɗancan malamai ne kamarmu, da alli a hannu suka fara. Imam ya rasu tun 1981, yawancinmu ba mu taɓa jin muryarsa ba, amma har gobe ana karanta Magana Jari Ce, domin malamai sun sa shi a hannun yara. Mu yi wa mawallafan zamaninmu irin wannan hidima, mu kuma nemi su ba mu abin da ya cancanci a yi masa ita.

Wanda yake da wani ra'ayi dabam, ina fata zai rubuto wa Malam Edita mu ƙaru da juna. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya sa mu fi haka. Amin.

Naku,
Wani tsohon ɗalibi, Auna.